Cinyar Kaza Ta Wa Ce?

Na san da ka ga kan wannan magana za ka yi dariya ka ce, shi kuma wannan ya rasa abin rubutawa ne sai cinyar kaza? To ka yi haƙuri ka biyo ni sannu, domin kuwa ni dai a ɗan zaman da na yi a duniya ban ga ranar da ake gane adalcin magidanci da wuri ba kamar ranar da aka yanka kaza ɗaya a gidan mutum tara.

Ni a Kakuri na tashi, ƙetaren kogin Kaduna ta kudu, lokacin da unguwar take ganiyarta. Ga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ga UNTL, ga Arewa, ga kamfanin harhaɗa motar Peugeot. In lokacin canjin aiki ya yi sai ka ga kekuna sun cika titi kamar fari. Mahaifina ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun nan ne, muna zaune a gidan haya mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, da Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo. A irin wannan gida kuwa ba a soya kaza a ɓoye, ƙamshi ne zai tona maka asiri. Tun da aka shigo da tsarin SAP a 1986 albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, sai kaza ta zama abin gani sau uku kawai: ranar Salla, ranar da aka haihu, da ranar da aka yi baƙo.

Bari in fara gaya maka yadda Inna take yi da kazar Salla, Allah Ya jiƙanta, don matan yanzu su ƙaru. Ita ba ta sayen kazar gidan gona mai sati shida ko takwas, ta ce rabinta ruwa ne da kitse, tana shiga mai za ta tsuke. Kazar Hausa take nema a kasuwar Litinin ta Kakuri, in ba ta samu ba sai tsohuwar kazar ƙwai wadda ta gama aikinta. Naman da tauri, amma yana da auki, romonsa kuma ya fi garɗi. In an fige an babbake ta, sai ta bi gaɓa-gaɓa da wuƙa, ba ta sara ƙashi barkatai, har ta fitar da yanka goma sha huɗu ko sha shida. Ta zuba a tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da masoro da gishiri, ba ta sa ruwa da farko, sai naman ya fitar da nasa ruwan ya sha kayan ƙamshi tukuna ta ƙara. In ya yi laushi ta tsame a gwagwa ya tsane ya huce sarai, domin naman da ke ɗigar ruwa shi ke sa mai ya yi ta fallatsi yana ƙona hannu. Sannan ta ɗora man gyaɗa a kasko, ta jefa yankan albasa. In albasar ta taso tana ƙara nan take, to mai ya yi. Kaɗan-kaɗan take zubawa, ba ta cika kasko, don in ka cika shi mai zai huce, nama ya sha mai a banza.

Ba a nan dabarar take ba ma. Romon nan da aka tsame nama, shi ne dafa-dukan gobe. Man da aka soya kazar, shi ne na miyar jibi, har ka rantse da nama a ciki. Kai da ƙafa da wuya su tafi farfesu. Soyayyen kuwa ya kwana biyu lafiya lau ba ruwansa da wutar Nepa. Kaza ɗaya, kwana uku gida yana cikin ƙamshi.

To amma kazar baƙo daban ce, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wani ɗan'uwan Baba, ɗan kwangila ne a Kano, da ya biyo ta wurinmu wata Asabar a cikin motarsa. Wata ya yi nisa, ba ko sisi a gidan, sai da Baba ya zagaya ya ranto kuɗin kaza wurin abokin aikinsa. Inna ta yi aikinta kamar yadda ta saba, aka jera cinyoyi da ƙirji da ƙundu a langa aka kai ɗaki. Alhaji ya ce wallahi a ƙoshe yake, ya ci abinci a hanya. Baba ya ce, "Haba Yaya, ko yaya ne ai ka taɓa." Ya ɗauki cinya ɗaya ya tsakura. Da zai tafi Baba ya sa aka juye sauran duka a leda aka kai masa mota, wai guzuri. Mu bakwai muka raba kai da ƙafa da fiffike ɗaya da Inna ta ɓoye. Ƙanwata a lokacin ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba, duk ta rame, sai ta dubi Inna ta ce, "Inna, mu yaushe za mu zama baƙi?" Inna ta daka mata tsawa, amma na ga ta juya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi.

Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan rana. Sai da na girma na ajiye nawa iyalin sannan na fara ganin uzurinsa. Bahaushe ya ce baƙonka Annabinka, kuma talaka ba shi da wata kadara da ta wuce mutuncinsa. In aka tafi aka ce an je gidan wane ko ruwan kirki bai bayar ba, wannan magana sai ta fi yunwar kwana ɗaya ciwo. Ban da haka, gaskiya ɗaya ce, lokacin da masaƙu suka fara rufewa, KTL a 2002, saura suka bi baya, Baba ya zauna ba aiki, wannan Alhajin ne ya biya mini kuɗin jarrabawa. Wani zai ce ka ga ni, ashe kazar ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ni kuwa nan ne maganar ta fi damuna. In don abin da za a samu gobe aka yanka ta, to wannan ba karamci ba ne, adashi ne aka zuba, kuma da rabon yarinya mara lafiya aka zuba shi ba tare da an tambaye ta ba.

Na taɓa kawo wannan zance a majalisarmu, sai wani malami ya tuna mini labarin mutumin nan na Madina daga cikin Ansar, wanda shi da matarsa suka lallashi 'ya'yansu suka yi barci, suka kashe fitila, suka yi kamar suna ci, don baƙonsu ya cinye ɗan abincin da ke gidan. Ya ce shin su ma zalunci suka yi? Na ce Allah gafarta Malam, a'a. Amma wancan baƙon yunwa ce ta kawo shi, ba shi da komai, ba kuma wanda yake sa ran wani abu daga hannunsa. Sun kashe fitila ne don kada ya ga abin da suka yi masa. Mu kuwa fitilar muke ƙara wa haske don baƙo ya ga cinya, ya je ya ba da labari. Ka duba da kyau mai karatu, a gidajenmu wa ake yanka wa kaza? Almajirin da ya kwana bai ci ba, ko Alhajin da ya zo yana gyatsa? Ciyar da iyali wajibi ne a kan maigida, burge mai kuɗi kuwa ban san babin da aka ajiye shi ba.

Wadda ta nuna mini wata hanya ita ce maƙwabciyarmu, wata mata 'yar Kagoro. Duk Kirsimeti sai ta kawo wa Baba kazarta da rai ya yanka mata don mu ma mu iya ci. Ta yanyanka ta ƙanana-ƙanana ta watsa cikin shinkafa, kowane ɗaki a kai kwano, baƙinta ma daga nan za a ɗibar musu. Ba mai cewa ga cinya ga wuya. Rikicin watan Fabrairu na 2000 ne ya watsa gidan nan, wasu suka haye arewacin kogi, wasu suka nausa Sabon Tasha, mu muka tsaya a Makera. Ban sake ganinta ba, amma na riƙe hanyarta. Mu ma ai muna da irinta, wato dambun kaza: a dafa, a zare ƙashi, a daka a turmi, a soya da yaji. A cikin dambu babu maigida babu auta, cokali ne alƙali.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 abin ya ƙara tsanani. Masara da waken suya da ake haɗa abincin kaji da su suka yi tsada, kaza ta bi su. Na sha ganin magidanta a kasuwa suna sayen kai da ƙafa kashi-kashi suna waige-waige kada a gan su, alhali ba abin kunya a ciki. A gidana dai na kafa doka: baƙo zai ci daga tukunyar da yara suka ci, mara lafiya da mai shayarwa su ake fara cire wa, ƙundun da aka ce na maigida ne kuma na yafe shi.

Ina nan ina yabon kaina a kan wannan doka, sai ranar ƙaramar Sallar da ta wuce na leƙa kwanon uwargida bayan an gama rabo. Wuya ne a ciki da guntun baya. Na ce, "Ke kuma ina naki?" Ta ce, "Malam, ni ai wuya na fi so." Sai gabana ya faɗi, don kuwa haka Inna take faɗa, shekara da shekaru, mu kuma muka yarda, har muna ajiye mata wuya muna ganin gata muka yi mata. Na miƙa hannu na ɗauko cinyar da ke kwanona na sa a nata. Ta mayar, na sake mayarwa, har yara suka fara dariya. Daga ƙarshe dai ta karɓa, ta gutsura sau ɗaya, ina juya baya ta miƙa wa auta sauran.