TUKUICIN KATIN BASHI: KYAUTAR WA KAKE CI?



Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka da Ingila da Kanada, da wasu ɗalibai da ma'aikata a Saudiyya da Dubai. Banki ya ba mutum katin bashi, ya ce duk abin da ka saya da shi za a mayar maka da kashi 2 cikin 100, ko a tara maka maki da za ka yanki tikitin jirgi da su. Mai tambaya ya ce: “Malam, ni fa ina biya kafin wa'adi ya cika, ban taɓa ba su sisin kwabo na kuɗin ruwa ba. Wane kati ya fi, kuma tukuicin nan halal ne?”

Ga wanda yake gida Najeriya ko Nijar, kada a rikice. Katin ATM da yawancinmu muke riƙe da shi, kuɗinka ne da ke asusunka kake cira. Wanda ake magana a kai daban ne. Banki ne yake biyan mai kaya a madadinka, a ƙarshen wata ya turo maka lissafi. In ka biya duka cikin wa'adi, shi ke nan. In ka bar saura, sai ruwa ya fara hawa. A Amurka dokar 2009 ta wajabta a turo lissafin aƙalla kwana 21 kafin ranar biya, a Ingila kuma wasu katunan suna kai kwana 56 ba ruwa. Abin ya faro ne da Diners Club a New York a 1950, sannan BankAmericard a 1958, wanda ya koma Visa. Shi kuwa tukuici daga baya ya shigo, a shekarun 1980, lokacin da katin Discover ya shahara da mayar wa mutane wani abu daga abin da suka kashe.

Mu fara da tukuicin, domin shi ne mai sauƙi. Sanannen abu ne a fiƙihu cewa rancen da ya jawo wa mai bayarwa wani amfani da aka shardanta riba ne. To a nan wa ya ba da rance? Banki. Wa ya samu kyauta? Kai da ka ci bashin. Amfanin ya gangaro ne daga mai rantarwa zuwa wanda aka ranta wa, kamar ka ci bashin dubu ɗari a ce ka dawo da dubu casa'in da takwas. Saboda haka malamai da yawa na wannan zamani ba su ga laifi ga tukuicin a karan kansa ba, matuƙar abin da aka saya halal ne. Wasu sun sa sharaɗin kada ya zama ka biya kuɗin shekara mai yawa musamman don ka samu tsabar kuɗi a madadinsa, domin a nan ya fara kama da sayen kuɗi da kuɗi. Wannan taka-tsantsan ne mai kyau.

Matsalar tana cikin takardar da ka sa wa hannu. A ciki ka amince cewa in ka yi jinkiri za ka biya ƙari a kan bashi, kuma wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya da ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara suka sauka a kanta: ko ka biya yanzu, ko bashin ya ƙaru. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da irin wannan kati ko a yi mu'amala da shi ba idan akwai sharaɗin kuɗin ruwa, ko da mai nema ya ƙudurta zai riƙa biya a cikin wa'adi. A zaman nan sun halatta kuɗin yin kati tsayayye gwargwadon hidima, sun halatta la'adar da banki yake karɓa daga ɗan kasuwa, sun kuma hana sayen zinare da azurfa da canjin kuɗi da katin. Hujjarsu a fili take: amincewa da sharaɗin haram shi ma haram ne, kuma hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim bai tsaya kan mai cin riba ba, ya haɗa da mai bayarwa da marubuci da shaidu.

Akwai malamai da suka sassauta, musamman ga Musulmin ƙasashen Yamma, kuma su ma ba da ka suka yi magana ba. Suna kafa hujja da ƙissar Barira, lokacin da Nana A'isha (RA) ta so sayenta ta 'yanta, iyayen gidanta suka kafa sharaɗin cewa wala'i nasu ne. Manzon Allah (SAW) ya bar cinikin ya gudana, ya bayyana cewa sharaɗin ɓatacce ne. Suka ce haka nan rance ba ya ɓaci saboda ɓataccen sharaɗi, sharaɗin ne yake faɗuwa, kuma wanda ya tabbatar ba zai taɓa bari ruwa ya hau kansa ba, bai ci riba ba bai ciyar ba.

Ni dai a nawa ganin, ƙissar Barira ba ta kai mu inda ake so ta kai mu ba. A Madina, da sharaɗin ya faɗi ya faɗi ke nan, domin hukuncin shari'a ne yake gudana. A Texas ko Manchester kuwa, ranar da ka makara, sharaɗin nan zai tashi da ƙafarsa, kotu kuma tana bayansa. Abin da ya fi ƙarfi a hujjar masu sassauci shi ne buƙata. A Amurka wanda ba shi da tarihin biyan bashi yana shan wuya wajen kama hayar gida, wasu kamfanonin hayar mota da otal-otal suna tsananta wa wanda ba shi da katin. A Ingila dokar 1974 ta ɗora wa bankin alhaki tare da mai kaya idan aka cuce ka a cinikin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000, kariyar da katin ATM bai kai ta ba. Waɗannan buƙatu ne na gaske, ba na raina su. Amma abin da aka halatta don buƙata ana auna shi ne da gwargwadon buƙatar. Wanda ya karɓi kati ɗaya don ya samu gidan haya, wannan mun ji uzurinsa. Wanda yake da kati biyar a aljihu, wannan na man fetur, wancan na cefane, wancan na tikitin jirgi, yana bin tallar sabon tukuici kamar mai bin farashin gero, ɗan'uwa wace larura ce ta kai ka?

Yanzu mu zo kan tambayar da ba a cika yi ba. Banki ba gidan sadaka ba ne, to daga ina yake samo kuɗin da yake raba muku?

Hanya ta farko ita ce ɗan kasuwa. Duk lokacin da aka goga kati a Amurka, mai shago yana rasa kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na cinikin, kuma katunan da suka fi tukuici su suka fi yankarsa. Shi ma ba zai haɗiye asarar ba, sai ya zuba ta a farashin kaya, kowa ya biya: mai kati da mai tsabar kuɗi, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba. In kana son shaida, dubi Turai. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da bankin mai kati yake karɓa a kashi 0.3 cikin 100, nan da nan tukuicin katunan can ya ƙanƙance. Ruwa ba ya tsami banza.

Hanya ta biyu ta fi ciwo. Bashin katuna a Amurka ya haura dala tiriliyan 1 a 2023, kuma matsakaicin kuɗin ruwan ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Kusan rabin masu katin suna tsallake wata da sauran bashi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wani bincike da masana tattalin arziki suka fitar ta hannun babban bankin Amurka a 2023 ya ƙiyasta cewa tsarin tukuicin nan yana kwashe kimanin dala biliyan 15 duk shekara daga hannun masu ƙarancin sanin harkar kuɗi da yankunan talakawa zuwa hannun masu ilimi da yankunan masu hali. Wato direban da albashi bai kai shi ƙarshen wata ba, da matar da ta biya kuɗin asibiti da kati, suna cikin waɗanda suka tara maka makin da ka hau jirgi da su.

Shin wannan ya haramta maka tukuicin? A ma'aunin fatawa, a'a. Ba kai ka ƙulla da su ba, kuma dukiyar banki gauraye take, akwai la'adar 'yan kasuwa a ciki. Annabi (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina, ya rasu sulkensa yana jingine a wajen ɗaya daga cikinsu, alhali an san suna mu'amala da riba. Sai dai fatawa tana gaya maka inda iyaka take ne kawai. Akwai wanda zai tsaya a bakin iyakar yana kiwo, irin makiyayin nan da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya siffanta, akwai kuma wanda zai ja dabbobinsa baya. Abin da ba na so shi ne mu riƙa alfahari da abin, mutum ya ce da makin banki ya je Umara, har yana koya wa ƙannensa yadda za su buɗe nasu. Kai ka iya riƙe kanka. Ƙanenka da ka ja ciki fa?

Kuma maganar “na iya riƙe kaina” ɗin ma a duba ta da kyau. Wasu malaman jami'ar MIT sun yi gwaji da tikitin wasan ƙwallon kwando na Boston Celtics, suka wallafa a 2001. Waɗanda aka ce za su biya da kati sun yi tayin kusan ninki biyu na waɗanda aka ce za su biya da tsabar kuɗi. Ƙirga kuɗi a miƙa yana da zafi, goga kati ba shi da shi, tukuici kuma yana zuwa ya shafa wa ɗan sauran zafin mai. Sai ka ga an ce ka kashe dala 4,000 cikin wata uku a ba ka babbar garaɓasa, mutumin da cefanensa bai kai haka ba ya shiga sayen abin da ba ya buƙata don ya cika adadi. Ko da bai biya ruwa ba, almubazzaranci ya riga ya kama shi ta ƙofar baya.

Yi lissafin da kanka. Ka sayi kayan dala 1,000, tukuicinka dala 20. Idan ruwan katin kashi 24 ne a shekara, kashi 2 ke nan a wata, dala 20 cif. Wata ɗaya tak na jinkiri ya cinye tukuicin, ya bar ka da zunubin ciyar da riba a kyauta. Mantuwa ce, ko rashin lafiya, ko albashi ya makara, bankin bai damu da dalili ba. Bankunan sun san cewa a cikin mutum ɗari da suka rantse ba za su makara ba, da yawa za su makara, a kan wannan aka gina kasuwar.

To wanda buƙata ta sa dole ya riƙe, kuma ya bi fatawar masu sassauci, yaya zai zaɓa? Kati ɗaya ya isa, marar kuɗin shekara. Mai dala 95 a shekara da yake ba da kashi 3, sai ka kashe dala 9,500 kafin ya kamo na kyauta mai kashi 2, kuma ga shubuhar da muka ambata. Ka nemi a rage maka iyakar bashin zuwa abin da albashinka na wata zai iya sharewa. Ranar da ka karɓa, ka saita asusunka ya riƙa biyan cikakken lissafi kai tsaye duk wata. Ka kula sosai a nan, domin akwai zaɓin biyan mafi ƙarancin kaso, kuma shi ne ramin da mutane suke shekaru a ciki. Kada ka goga shi a kan abin da ba ka da kuɗinsa a asusu a wannan ranar. Kada ka ciri tsabar kuɗi da shi ko sau ɗaya, domin wannan ba shi da wa'adi, ruwa yana fara hawa ne daga ranar, ga kuma caji a kai. Zinaren aure da canjin dala, a biya su ta wata hanya. Sannan ka rubuta a wasiyyarka, ko ka sanar da iyalinka cewa akwai katin. An kawo gawar wani sahabi da ake bin sa bashi, Annabi (SAW) bai yi masa sallah ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bashin kati ma bashi ne, kuma idan ka faɗi yau babu wanda zai san ranar biya ta wuce.

'Yan'uwa na Saudiyya da Daular Larabawa da Malesiya, ku uzurinku ya yi ƙaranci, domin bankunan Musulunci suna da katuna masu tukuici. Amma kada sunan ya sa ku rufe ido. Ku tambaya a kan wace yarjejeniya aka gina katin. Wanda aka gina a kan kuɗin hidima tsayayye, da ba ya ƙaruwa da yawan bashi ko tsawon jinkiri, ya fi kwanciyar hankali. Wanda kuwa yake juya bashinka zuwa tawarruƙi da zarar ka makara, a saya maka wani ƙarfe a takarda a sayar a minti ɗaya bashi ya ƙaru, ku sani Majalisar Fiƙihun nan ta haramta tsararren tawarruƙi a zamanta na Sharja a 2009, ko da yake kwamitocin shari'a na wasu bankunan suna halatta shi. Ku nemi takardar sharuɗɗan ku karanta sashen da ya yi maganar jinkirin biya kafin ku duba sashen maki.

Wallahu a'alam.