Idan gani ya kori ji, me ya rage wa alƙalami?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwar dabbobi maganar ba ta da ja, domin ba mai sayen saniya da bayanin dillali alhali ga ta tsaye a gabansa. A cikin aji kuwa maganar tana da wani nauyi dabam. Malamin da ya samu talabijin, ko kwamfuta, ko ma salula mai faɗin fuska, ya nuna wa ɗalibansa fim ɗin zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, sa'an nan ya ce su amsa tambayoyi ko su rubuta abin da suka gani, ya shiga wata tsohuwar gardama ko da bai sani ba. An gina makaranta a kan sauraro da karatu da rubutu. Idan hoto ya riga ya faɗi kome, wane aiki ya rage wa kunne, wane kuma ya rage wa alƙalami?

Masu ƙyamar wannan hanya suna da hujja mai ƙarfi, kuma daga tsakar gida suka ɗauko ta. Sa'ad da tsohuwa ta tara jikokinta bayan sallar isha'i ta ce Dodo ya fito daga ruwa, ba ta faɗin tsawonsa ko yawan haƙoransa. Yara goma ne a kan tabarma, Dodo goma ne a cikin kawunansu, kowane ya ƙera nasa da tsoron da yake da shi. Wannan aikin ƙira shi ne ainihin abin da karatu ke nema daga baya: yaro ya dubi baƙaƙe a kan takarda, ya fitar da kogi da dare da fuskar mutum daga cikinsu. Fim yana ɗauke masa wannan wahala. Bayan an kashe na'ura, yara saba'in na aji suna da Dodo ɗaya tak, wanda wani mai zane a wata ƙasa ya zaɓa musu. Tsoron da ake yi shi ne gaɓar da ba a motsawa takan mutu, kuma yaron da ya saba a ba shi hoto a dafe zai ga shafin littafi kamar fako.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga allon hoto a makaranta. Tun 1964 aka fara gwajin talabijin ɗin makaranta da taimakon Faransa. A Yamai ake shirya darussan, cikin Faransanci, ana watsa su zuwa azuzuwa inda wani mai kula, wanda bai yi dogon horon malanta ba, yake bi da yara. Gwajin bai taɓa kai wa ga yawancin makarantun ƙasar ba, ya kuma ƙare a ƙarshen shekarun 1970. Tunanin da ke bayansa shi ne akwati ya zama malami, mutum ya zama mataimakinsa. Abin da ake magana a kai yanzu ya bambanta: fim ne a matsayin nassi, kamar shafin littafin karatu, wanda malami zai shimfiɗa a gaban aji a yi aiki a kansa. Duk wanda ya haɗa biyun zai kunna fim ya koma bakin ƙofa yana shan iska, ya kuma ce ya koyar.

Amfani na farko da fim yake da shi a aji amfani ne na adalci, kuma ba a cika ambatonsa ba. A ɗauki yarinya ƴar ajin CE1 a wani ƙauyen jihar Maraɗi, wadda ba ta jin Faransanci sai a cikin harabar makaranta. An ba ta sakin layi biyu ta karanta, an yi mata tambaya, ta yi shiru, an rubuta a takardarta cewa ba ta da fahimta. A nuna mata fim na minti biyar, a rufe sautinsa, a tambaye ta da Hausa. Sau da yawa za ta kawo labarin daga farko har ƙarshe, ta faɗi wanda ya yi ha'inci, ta yi dariya daidai wurin da mai fim ya ɓoye habaici. Ashe abubuwa biyu ne makaranta ta daɗe tana aunawa da mudu ɗaya: gane labari, da mallakar harshen da aka ba da labarin a cikinsa. Yarinyar tana da na farko, na biyun ne bai samu ba tukuna. Hukuncin da aka yi mata hukunci ne a kan hankalinta, alhali harshe ne ya tsare mata hanya, kuma yaron da aka shekara ana gaya masa ba ya ganewa yakan yarda.

Wannan damuwa ce ta haifi makarantun gwaji masu harshe biyu, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973 da Hausa. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma doka ba ta shiga aji da ƙafafunta. Malamin da ya nuna fim, ya ga da idonsa cewa ɗalibansa sun gane, sa'an nan ya hana su faɗin abin da suka gane sai da harshen da ba su iya ba, ya sake rufe ƙofar da fim ɗin ya buɗe. Tsarin da ya fi kama hankali shi ne yaro ya fara ba da labarin da bakinsa a harshen gida, ya rubuta shi haka in an koya masa, daga baya a nemi kalmomin Faransancin da za su ɗauki abin da ya riga ya riƙe.

Sai dai maimaita labari bai kai fahimta ba, kuma nan ne masu ƙyamar fim suke da sauran gaskiya. Tambayoyin da suka fi sauƙin shiryawa su ne na ido: wane launi ne rigarsa, dabbobi nawa suka haye rafi, wa ya fara isowa. Yaro yana iya cinye su duka bai yi tunani ko sau ɗaya ba. Fim ɗin Kirikou et la Sorcière, wanda Michel Ocelot ya fitar a 1998, kuma wanda yara da yawa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka sani, misali ne mai kyau domin labarinsa duka a kan tambaya ɗaya yake tafiya. Mutanen ƙauye sun san mayya Karaba muguwa ce, sun tsaya nan. Jaririn nan Kiriku shi kaɗai ya dage yana neman dalilin muguntar tata, har ya kai ga kakansa a cikin dutse, wanda ya gaya masa cewa wasu maza ne suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, tana cikin azaba dare da rana. Dalili ba abu ne da ake gani ba. Hoto yana nuna wuta ta kama, yana nuna marmaro ya ƙafe, amma abin da ke cikin zuciyar Karaba sai an faɗa da kalmomi.

A wannan giɓi ne alƙalami yake samun aikinsa. Malami ya tsai da fim kafin kakan ya buɗe baki, ya ce kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da yake zaton ya mai da matar haka. Ba mai iya kwafe amsa daga allon hoto, domin ba ta nan. Wani zai ce ɗanta ne ya mutu, wata za ta ce kishiya ce ta kore ta, wani zai ce haka aka halicce ta. Dodo goma na tsakar gida sun dawo ke nan, ta ƙofar da hoto ya bari a buɗe. Haka kuma in an ce su rubuta abin da Karaba take faɗa wa kanta da dare, ko abin da uwar Kiriku ta ji sa'ad da ya tafi.

Akwai wani abu game da zane mai motsi wanda ya sa ya fi fim ɗin mutane kusa da rubutu. Mai ɗaukar hoto a titi yana kama abin da bai yi niyya ba: akuya ta gifta, iska ta ɗaga zane. A zane kuwa ba abin da ke shigowa da kansa. Fim yana tafiya da hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato minti biyar sun haura hoto 7000, kuma duk abin da ya bayyana a cikinsu hannun wani ne ya sa shi. Wanda ya fi cancanta a koya wa yaran Nijar wannan da aikinsa shi ne Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015, ana kuma lissafa shi cikin magabatan zane mai motsi a Afirka. Ya yi aiki kusa da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, ya kuma shafe shekaru masu yawa a Tawa yana aikinsa da ƴan kayan da ya samu. A Bon voyage Sim, na 1966, shugaban wata jamhuriyar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki, da fareti da jawabai da duk tsarabar girma. A Kokoa kuma ƴan tsana ne, kwaɗi da hawainiya, suke kokowa a fili irin wanda kowane yaron Nijar ya sani. Ɗalibin da aka tambaya don me mai zane ya zaɓi kwaɗo ya yi shugaba, bai zaɓi zaki ba, an tura shi ya nemi mutumin da ke bayan hoton da kuma nufinsa. Ranar da ya fara irin wannan tambaya ya zama mai karatu, ko da bai buɗe littafi ba. A zamanin da ake iya ƙera bidiyon ƙarya a tura shi ta WhatsApp zuwa wayar mahaifinsa, yaron da ya ɗauki karin maganar nan ta gani da ji a kan zahirinta yana cikin haɗari.

Tarkon da malamin kirki ya fi faɗawa shi ne na darasi. An gama kallo, sai ya tambaya wane hali nagari fim ɗin ya koyar, kafin yara su nisa ya rubuta amsar a allo, kowa ya kwafe. Niyyar mai kyau ce, amma ta kashe abin da aka tara. Labarin Karaba yana ɗauke da tambayar da manya ma ba su gama da ita ba: shin zaluncin da aka yi wa mutum yana rage masa alhakin zaluncin da ya yi wa wasu? A cikin aji za a samu yaron da zai ce ƙaya ko ba ƙaya, matan da ta raba da mazajensu ba su suka soke ta ba. Yana da gaskiya, kamar yadda mai jin tausayinta yake da tasa. Rubutun da ya cancanci maki mafi yawa shi ne wanda ya kawo dalili ya tsaya a kansa, ko da ya saɓa wa ra'ayin malam. Wannan yana da wuya ga wanda aka horar a kan amsa ɗaya mai kyau, kuma ba laifi ba ne a yarda cewa yana da wuya.

Barin yara su yi gardama bai sauke wa malami nauyin zaɓe ba. Kiriku tsirara yake a cikin fim, matan ƙauyen kuma ba su rufe ƙirji ba, kuma akwai iyaye a Tawa ko Tasawa da ba za su so a nuna wa ƴaƴansu haka a makaranta ba. Raina su ba dabara ba ce. Malami ya kalli fim shi kaɗai tun da fari, ya shawarci ƙungiyar iyayen yara, ya zaɓi yankin da zai yi aiki da shi, ko ya nemi wani fim. Gajere ya fi dogo a nan ko ta wace fuska, ga lokacin darasi da ga batirin da aka yi wa caji da hasken rana a makarantar da ba ta da lantarki.

A 2024 aka sauya wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai suna, aka sa mata na Mustafa Alasan. Girmamawa ce da ta dace. Abin da ya rage ga ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa na jihohi shi ne su nemi kwafin finafinansa ta halaliyar hanya, su sa su a hannun malamai, tare da ƴar takarda mai nuna inda ya kamata a tsai da hoto a ce yara su ɗauki alƙalami. Malamin da ya karɓa kuma ya san abin da ya ɗauka: minti biyar na kallo, rabin awa na muhawara da rubutu, sa'an nan kaye saba'in da zai kai gida, kowane da amsarsa dabam, waɗanda ba za su gyaru ba sai ya karanta su ɗaya bayan ɗaya.