Kafin Ka Murɗa Kan Tocila

Tocilar farko da na ɓata ta kawuna ce. Haskenta ya yi ja, ni kuma na samo ƙwai mai haske fari, na ce zan sauya masa ba tare da ya sani ba, in ba shi mamaki. Kan ya ƙi murɗuwa. Na ɗauko filaya na danne, na ƙara ƙarfi. Ya buɗe, amma gilashin ya tsage, haƙoran murɗin suka cinye, bai sake rufuwa daidai ba. Daren nan da acibalbal kawu ya je duba awakinsa, bai ce mini uffan ba. Tun ranar nake tambayar kaina: kyakkyawar niyya ta isa ta ba mutum izinin buɗe abin da bai san yadda aka haɗa shi ba?

Daga baya na koyi cewa kan tocila ba ya gardama a banza. Masu ƙera ta sukan ɗiga gam a haƙoran murɗin don kada ya kwance. Irin na Loctite, mai ruwan shuɗi yana sakin jiki da kayan hannu, ja kuwa sai ya sha zafi wajen digiri 250, wanda ya isa ya narkar da robar ciki. Saboda haka mai hankali yakan fara cire batir, musamman irin na litiyom 18650 da zafi ke iya tayar masa da wuta. Sai ya sa kan a leda, ya tsoma a tafasasshen ruwa don gam ya yi laushi. Ya naɗe shi da robar tayar keke, ta ba shi riƙo ba tare da ta karce jikin ba. In ya buɗe, ya jera kayan bi da bi: zoben roba mai hana ruwa shiga, gilashi, kwanon da ke tara haske. Wannan kwanon ko da yatsa ba a taɓa cikinsa, don fentin da ke ƙyalli bai kai kaurin fatar albasa ba, shafa ɗaya ta bar masa tabo.

Duk wannan aiki na neman sanin dalilin ƙin abu ne kafin a ƙara masa ƙarfi. Nan ne na gaza a tocilar kawu, kuma nan ne muke yawan gazawa da mutane. Uba na son gyara ɗansa, sabon shugaba na son gyara ma'aikata, amarya na son gyara gidan da ta tarar. Sun ga haske ya yi rauni, kuma gaskiyarsu ne. Da suka ji turjiya sai su ɗauke ta taurin kai ce, alhali wataƙila ita ce ke riƙe da abin tun kafin zuwansu. Garin neman gira sai a rasa ido.

Wani zai ce, ai da tsoron ɓarna ba a koyon komai, duk gwanin gyara ya kashe kaya kafin ya ƙware. Na yarda. Akwai ma tocilar da aka like ta har abada, ba ta buɗuwa sai an fasa. Amma asarar ta wa ce? In taka ce, fasa ka koya. In wani ne zai kwana cikin duhu, ba ka da hurumin yin caca da haskensa, komai kyawun nufinka. Abu biyu suka wajaba a kanka: ka nemi yardarsa, kuma ka tabbata za ka iya mayar da abin yadda ka same shi in gyaran bai yiwu ba.

Tocilar kawu tana nan cikin akwatina, kanta a karkace. Na saya masa wata bayan shekara biyu, ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya ce: "Wannan ma za ka gyara mini ita?"