Ban Yi Ƙarya Ba, Shiru Na Yi

Karatu: Ayyukan Manzanni 5:1-11, Littafin Firistoci 25:14-17

Akwai wani fasto da nake kira Baba, domin a hannunsa na koyi aikin bishara. Shekarun baya ya sayi wata tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan da masana'antar ta fara aiki a 1975. A wani kango a Rabah ya same ta, tayoyi sun kwanta, kaji suna ƙwai a kujerar baya, har 'yan gwangwan sun taya.

Shekara biyu yana fama da ita. Da asuba addu'a, da hantsi ziyarar marasa lafiya, da la'asar sai ya sa tsohuwar riga ya shige ƙarƙashin mota. Ya wanke kafireto, ya canja fulogi da lagireto, ya kankare tsatsa, ya kai ta wurin mai fenti. Da ta tashi, da ita yake zuwa Wurno da Goronyo wurin 'yan'uwa ƙalilan da aiki ya kawo can: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu shaguna. Ta kai mai naƙuda Sakkwato cikin dare, ta kuma ɗauki gawa.

Sai 'yarsa ta sami shiga jami'a, kuɗi kuwa babu. Dole a sayar da Fijo. Amma akwai abin da Baba ya sani. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ta hagu ya taɓa tsagewa, an yi masa walda, baƙin fenti ya rufe wurin. Shi yana lallaɓa ta, ba ya yi mata lodi. Wanda dillali ya kawo kuwa direba ne, yana so ya riƙa ɗaukar fasinja da buhunan albasa daga Goronyo zuwa Sakkwato. Ya tuƙa ta, ya saurari injin, ya ce, “Malam Fasto, motar malamin addini ce, ba sai na shiga ƙarƙashinta ba.” Dillali ya ja Baba gefe ya ce, “Fasto, kama bakinka. Bai tambaya ba, kai kuma ba ka yi ƙarya ba.”

To, 'yan'uwa, idan ban faɗi abin da ba gaskiya ba, na yi shiru kawai, na yi zunubi?

Kada mu yi saurin zagin dillalin, yana da hujja. A kasuwa kowa yakan buɗe idonsa. Motar ta girmi direban, ya san ba sabuwa ba ce. Wataƙila waldar ta riƙe har shekara goma. Kuɗin kuma na karatun yarinya ne. Ba kowane shiru ne laifi ba, domin fasto da kansa yakan riƙe asirin waɗanda suka zo neman shawara, haka kuma ya kamata.

Amma ku sake duba labarin Hananiya. A cikin nassin ba mu ji ya furta ko kalma ɗaya ba. Matarsa Safiratu ce aka tambaya ta amsa. Shi dai ya kawo wani kashi na kuɗin, ya ajiye a gaban manzanni, ya bar jama'a su ɗauka duka ne. Duk da haka Bitrus ya kira abin ƙarya, ga Ruhu Mai Tsarki ma. Ashe mutum yana iya yin ƙarya da hannunsa, da fenti, da sunan “fasto” da ya sa wani ya saki jiki.

Ga ma'aunin da na koya. Asirin da fasto ke riƙewa yana kare mai shi. Shirun da dillali ya nema kuwa aljihun mai sayarwa yake karewa, wani ne zai biya. Ka tambayi kanka: da ya san abin da na sani, zai canja shawara? Ina cin ribar rashin saninsa? Idan amsa biyun i ce, shirunka ya zama mudu mai lotsattsen gindi. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san ɓoye aibin kaya haramun ne, suna kuma kallon yadda muke ciniki.

Baba ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kira direban, suka kwanta tare, ya haska masa waldar da tocila. Ya ce, “Ɗana, in za ka yi lodi, sai ka canja wannan ƙarfe tukuna. Rayukan mutane za ka ɗauka.” Direban ya saya, amma ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Dillali ya yi fushi, la'adarsa ta ragu.

Ba zan ce muku washegari wani ya aiko wa Baba sabuwar mota ba. Cikon kuɗin makaranta rance aka ci, har yau kuma a kan babur yake ziyara. Abin da ya samu shi ne, duk ranar da aka ce mota ta faɗi a hanyar Goronyo, yakan yi wa waɗanda abin ya shafa addu'a, ba tare da lamirinsa ya tsaya a kansa ba.

Kai fa, ɗan'uwa? Buhun albasar da ka jera manya a sama, ɗakin hayar da ka san yana yoyo da damina, ciwon da kike ɓoye wa wanda zai aure ki, duk tambaya ɗaya ce. Yesu ya san kowace tsaga da ke cikinmu, da saninsa ya fanshe mu da jininsa. Wanda aka karɓa haka ba ya bukatar ya rayu a bayan fenti.

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini inda nake cin ribar shiruna. Ka ba ni ƙarfin faɗin gaskiya ko da za ta rage mini kuɗi, ka kuma biya bukatata ta hanyar da za ta girmama sunanka. A cikin sunan Yesu, Amin.