IHUN TARO DA LAMIRIN MUTUM ƊAYA

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tunani. Idan mutum dubu suka haɗu suka cuci mutum ɗaya, kowannensu ya sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wane ne zai ɗauki alhakin? Muna so mu duba wannan tambaya ta hanyar wani al'amari da ya faru a filayen ƙwallo na ƙasar Ostiraliya, gama sau da yawa mutum yakan fi ganin gaskiya sosai idan faɗan ba a ƙofar gidansa ake yi ba.

Mutanen Ostiraliya suna da irin tasu ƙwallon, wadda ta sha bamban da wadda muka saba gani. An rubuta dokokinta na farko a birnin Melbon a 1859. Filin wasan da ƙwallon kanta duk siffar ƙwai gare su. Kowane gefe 'yan wasa 18 ne, ana kama ƙwallo da hannu, a buge ta da ƙafa ko da dunƙulen hannu. A kowane ƙarshen fili akwai dogayen sanduna huɗu. Wanda ya buga da ƙafa ta wuce tsakanin biyun tsakiya ya sami maki 6, idan ta bi ta gefe kuwa maki 1. Babbar gasar ƙwararru ta soma a 1897 a jihar Victoria, a 1990 kuma aka sa mata suna AFL. Ƙungiyoyi 18 ke cikinta, wasan ƙarshe kuwa akan yi shi a babban filin MCG na Melbon, mai ɗaukar mutum wajen 100,000. A wannan birni yaro yakan gaji ƙungiya daga iyayensa kamar yadda yake gadon sunan gida.

GARDAMA MAI DAƊI

Inda akwai ƙauna irin wannan, ba a rasa gardama. Goma daga cikin ƙungiyoyin na jihar Victoria ne, saboda haka magoya bayan sauran jihohi sukan ce rashin adalci ne a riƙa yin wasan ƙarshe a Melbon kowace shekara. Da annobar korona ta sa aka kai shi Brisbane a 2020, da Perth a 2021, sai suka ce to, ga shi an yi a wani wuri, sama kuma ba ta faɗo ba. Waɗansu suna cewa lambar yabo ta Brownlow, wadda alƙalan wasa ke zaɓen mai ita, ta zama gadon 'yan wasan tsakiya kaɗai. A 2010 Collingwood da St Kilda suka tashi kunnen doki a wasan ƙarshe, aka sake bugawa bayan mako guda. A 2016 aka soke wannan al'ada, aka koma ga ƙarin lokaci, har yau kuwa akwai masu kewar tsohon tsari.

Waɗannan ra'ayoyi suna ta da jijiyar wuya, amma babu laifi a cikinsu. Kowane ɗaya yana da dalili, ana iya ba shi amsa, mai shi kuma yana iya tsayawa a gaban kowa ya ce nawa ne. In an gama, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Wasan da ba a gardama a kansa ya zama miya ba gishiri.

LOKACIN DA BAKI YA ZAMA MAKAMI

Akwai kuma wata irin magana da ake sa mata rigar ra'ayi. Kafin mu fahimce ta, sai mun tuna da 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, baƙaƙen fata waɗanda suke zaune a can dubban shekaru kafin zuwan Turawan Birtaniya a 1788. An ƙwace musu ƙasa, daga wajen 1910 kuma har zuwa wajen 1970 hukumomi suka riƙa ƙwace 'ya'yansu daga hannun iyaye da ƙarfin doka. Sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafararsu a majalisa. Ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, amma a wannan wasa sun yi fice ƙwarai.

Ranar 17 ga Afrilu 1993, St Kilda ta je gidan Collingwood a filin Victoria Park. Tun kafin a fara wasa 'yan kallo suke zagin Nicky Winmar da abokin wasansa Gilbert McAdam saboda launin fatarsu. St Kilda ta ci. Da aka tashi, Winmar ya fuskanci masu zagin, ya ɗaga rigarsa, ya nuna fatar jikinsa da yatsa. Hoton ya zagaye ƙasa. A 1995 Michael Long na Essendon ya kai ƙarar wani ɗan wasan Collingwood da ya zage shi da irin wannan zagi, a wannan shekara kuma AFL ta kafa doka ta hana cin mutuncin ɗan wasa saboda asalinsa. Doka ta iya kama kalma, domin kalma ana jin ta, ana kuma sanin bakin da ta fito.

Abin da doka ta kasa kamawa shi ne abin da ya sami Adam Goodes na ƙungiyar Sydney Swans. Wannan mutum ya buga wasanni 372, ya ci lambar Brownlow a 2003 da 2006, ya ɗauki kofi a 2005 da 2012. Mahaifiyarsa tana cikin yaran da aka raba da iyayensu. A watan Mayu 2013, ana wasa da Collingwood a MCG, wata yarinya 'yar shekara 13 ta kira shi gwaggon biri. Ya nuna ta ga masu tsaro, aka fitar da ita a gaban kyamarori. Kashegari ya roƙi jama'a kada su far mata, ya ce taimako take bukata, ita ma ta buga masa waya ta ba shi haƙuri. A 2014 aka naɗa shi Gwarzon Ostiraliya na Shekara, ya yi ta magana a fili game da wariyar launin fata. Daga nan 'yan kallo suka soma yi masa ihu duk lokacin da ya taɓa ƙwallo. A watan Mayu 2015, bayan ya ci Carlton ƙwallo, ya yi rawar yaƙi ta mutanensa yana fuskantar magoya bayan Carlton, sai ihun ya ƙaru. Bayan wani wasa a Perth a watan Yuli ya ɗauki hutu, bai buga wasa na gaba ba. Kyaftin-kyaftin na dukkan ƙungiyoyi 18 suka roƙi a daina. A watan Satumba ya yi ritaya, ya kuma ƙi shiga zagayen ban kwana da akan yi wa masu ritaya ranar wasan ƙarshe.

HUJJOJIN MASU IHU

Adalci ya wajabta mana mu saurari masu ihun. Na farko ya ce: na biya kuɗin ƙofa, ina da 'yancin nuna wanda nake so da wanda ba na so, tun kaka da kakanni kuma ana yi wa 'yan wasa ihu. Na biyu ya ce: ni ba ruwana da launinsa, halinsa na wasa ne ba na so, yakan yi kamar an ture shi domin alƙali ya ba shi bugu. Na uku ya ce: babban mutum ya kunyata ƙaramar yarinya a gaban duniya. Na huɗu ya ce: ya kawo siyasa cikin wasa, rawarsa kuma tsokana ce.

Ba za mu ce duk waɗannan ƙarya ne ba, ba kuma za mu ce duk wanda ya yi ihu mai ƙin baƙar fata ne ba. Ba mu ga zuciyar kowa ba. Mutum yana iya tunanin an yi wa yarinyar abin da ya fi ƙarfin shekarunta, ya kuma kasance mai gaskiya. Al'ummar da take kiran kowane saɓani ƙiyayya, ita ma ta yi ɓatan kai, gama mutane za su daina faɗin abin da ke ransu, su koma gunaguni a ɓoye.

Duk da haka hujjojin suna da rauni. Lambar Brownlow ta wanda ya fi iya wasa ce, ya kuma fi tsabtar wasa, wanda aka dakatar a kakar ba ya samun ta. Alƙalai sun ba Goodes ita sau biyu. 'Yan wasa da yawa an zarge su da neman bugu ta hanyar dabara, amma ba a bi su daga fili zuwa fili, mako bayan mako, da ihu irin wannan ba. Ya buga shekaru fiye da goma ba a yi masa haka ba; ihun ya kankama ne bayan ya buɗe baki a kan abin da ke damun mutanensa. Kuɗin ƙofa kuwa kujera yake saya wa mutum. Ba ya sayen mutuncin wanda aka zo kallo.

RA'AYI DA IHU

A nan muke ganin bambancin da ya kamata mu riƙe. Ra'ayi yana da mai shi, yana da dalili, yana jiran amsa. Ihun taro ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya yi ihu saboda salon wasa da wanda ya yi saboda ƙiyayya, muryarsu ɗaya ce a kunnen wanda ake yi wa. Goodes ba shi da hanyar tsince su, ya ce wannan na gaskiya ne, wancan na mugunta. Haka mai kyakkyawar niyya ya zama mayafin mai muguwar niyya, ya ara masa murya, ya kuma ba shi wurin ɓuya.

Mai yiwuwa a farko mutum bai sani ba. Amma bayan wanda ake yi wa ya ce abin yana yi masa ciwo, bayan abokan wasansa da abokan hamayyarsa sun roƙa, rashin sani ya ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ci gaba bayan wannan ya zaɓi ya fifita daɗin ihunsa a kan ciwon maƙwabcinsa. Me zai rasa in ya yi shiru? Ƙungiyarsa ba za ta rasa maki ko ɗaya ba, ra'ayinsa kuma yana nan, yana iya faɗinsa a gida, ko a jarida da sunansa a ƙasa. Idan abin da za mu bari kaɗan ne, abin da wani zai sha kuwa mai yawa, lamiri ba ya bukatar dogon lissafi.

Sai mu koma ga tambayarmu ta farko. Mutane sukan ɗauka alhaki kamar kaya ne, in aka raba shi ga mutum dubu sai ya yi sauƙi. Ba haka yake ba. Kowa da bakinsa ya yi, kowa da saninsa, babu kuma wanda aka tilasta. Taro yana ɓoye fuska daga idon doka, amma mutum yana komawa gida shi kaɗai da abin da ya aikata. Akan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne, shi ya sa yawa yake da ban tsoro idan ya juya kan mutum ɗaya. Waɗanda suka zauna shiru suna kallo ma ba su kuɓuta sarai ba, musamman masu iko waɗanda maganarsu da ta tsayar da abin tun da wuri.

Shugabannin wasan sun gane haka daga baya. A watan Yuni 2019, a shekarar da fina-finai biyu suka fito a kan wannan al'amari, AFL da ƙungiyoyinta 18 suka nemi gafarar Goodes saboda ba su tsaya masa ba. A wannan shekara aka kafa mutum-mutumin Winmar a Perth, yana ɗage da rigarsa. A 2023, shekara 30 bayan abin da ya faru a Victoria Park, Collingwood ta nemi gafarar Winmar da McAdam. Neman gafara abu ne mai kyau, muna kuma girmama shi. Amma magana zarar bunu ce. A 2021 aka zaɓi Goodes domin a sa sunansa cikin jerin gwarzayen wasan na tarihi, ya ce ba ya so. Wasan ya yi asarar ɗaya daga cikin manyan 'ya'yansa, ba a kuma iya nuna mutum ɗaya a ce shi ne ya kore shi.

ABIN DA YA RAGE MANA

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan kallo ya san yadda murya takan fita kafin tunani ya iso. Ba mu ce a daina gardama ba. Mu soki alƙali in ya yi kuskure, mu ce wannan ɗan wasa ba ya burge mu, mu yi wa juna ba'a in ƙungiyarmu ta ci. Amma kafin mu haɗa bakinmu da na taro, a filin wasa ne ko a kasuwa ko a wurin taron unguwa, bari mu tambayi kanmu abu uku. Wannan magana a kan aikin mutumin take, ko a kan asalinsa? Za mu iya faɗa masa ita ido da ido, mu kaɗai, ba tare da taro a bayanmu ba? Su wane ne kuma suke ɓuya a bayan muryarmu?

Iyaye kuma su tuna da yarinyar nan 'yar shekara 13. Ba ita ta ƙirƙiro kalmar ba, a bakin manya ta tsince ta. Yaranmu suna zaune kusa da mu lokacin da muke kallo, suna kuma koyon abin da ya halatta a faɗa wa mutum. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar yin shiru lokacin da kowa yake ihu, da na yin magana lokacin da kowa ya yi shiru.