Bimbinin Safiya: Itacen da Kogi Ya Kawo

Yau kwana 19 ke nan da na jiƙa wani guntun saiwa a baho, bayan ɗaki. Kullum da asuba, kafin in buɗe Littafi Mai Tsarki, sai in zubar da ruwan jiya in ɗebo sabo. Ruwan da na zuba garau yakan wayi gari kamar shayin da aka manta a kan wuta. Yau dai ya ɗan yi haske, amma itacen har yanzu gefe guda na leƙowa sama, ya ƙi nutsewa.

A bakin Kogin Kaduna na tsince shi bayan ruwan damina ya janye. Ya bushe ƙamas, ɓawonsa ya zube, ruwa ya goge shi ya yi sumul. Ɗiyata tana da akwatin gilashi da take kiwon ƙananan kifayen ado a ciki, tun ranar da ta ga itacen ta hana ni sakat: "Baba, a sa shi yau mana." Ni ma da fari haka na so. Ai daga ruwa ya fito, me zai yi wa kifi?

Ashe ruwan kogi daban, ruwan akwati daban. Kogi tafiya yake yi, duk abin da itace ya fitar ya wuce da shi. Akwatin namu kuwa lita 60 ne kacal, abin da ya shiga ya zauna ke nan, kifi kuma ba shi da wurin gudu. Shi ya sa masu wannan kiwo ba sa jefa itace da ka. Ɗanye ba ya shiga, mai ƙaro ba ya shiga, haka mai farin ruwa irin na tumfafiya, balle wanda aka taɓa shafa wa fenti ko maganin gara. Na bakin teku kuma gishiri ya riga ya ratsa shi. Idan itacen ya tsallake wannan, sai a dirje shi da buroshi mai tauri, a kankare laka da inda ya ruɓe, a tafasa shi awa 1 zuwa 2 a tsohuwar tukunya domin ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙwari su mutu. Sannan jiƙo, mako 2, wani har 4, ana canja ruwa, har iskar da ke cikinsa ta fita ya nutse da kansa.

Jan ruwan nan shi ya fi tayar mini da hankali, alhali ba shi ne abin tsoro ba. Sinadarin tanin ne, shi ne dai majema ke nema a bagaruwa idan za su jeme fata. Yakan rina ruwa, ya ƙara masa ɗan tsami kaɗan. A Burazil akwai kogin da ake kira Riyo Negiro, ruwansa baƙi saboda ganye da itatuwan da suka jiƙu a ciki, ga kifaye nan birjik suna hayayyafa. Abin da ke kashe kifi ba ya nuna launi. Sabulu ne. Mutum ya ga itace da datti, ya ga jiƙo zai ɗauki lokaci, sai ya ɗauko garin sabulu ya wanke shi tas. A ido ya yi kyau, har da ƙamshi. Amma itace na shan abin da aka zuba masa, ya riƙe, ya riƙa sakinsa a hankali cikin ruwa, wata safiya a tarar da kifi ciki sama.

A nan na tsaya da bokiti a hannu, domin na san wannan wankin. Na iya shi sosai. Ranar Lahadi nakan sa farar riga, in gaisa da kowa da fara'a, a tambaye ni gida in ce lafiya lau. A kasuwa ko wurin aiki, idan na yi wa wani tsawa, mun rabu ke nan, kogi ya tafi da ita. Gida fa? Mata da 'ya'ya suna cikin ruwa ɗaya da ni dare da rana. Fushin da na haɗiye a waje, gabar da na ƙi saki tun bara, shirun da nake hukunta mutane da shi, duk a nan suke tsatsowa. Kuma na lura ba ranar da na ce "na yi kuskure" ce ke cutar da su ba, ko da ruwan ya yi ja a ranar. Ranar da na nuna babu komai ita ce.

Littafin Fitowa sura 15 ya ba da labarin wani itace da wani ruwa. Isra'ilawa sun yi kwana 3 a jejin Shur ba su sami ruwa ba, da suka iso Mara kuma suka tarar da shi da ɗaci, ba ya shawuwa. Suka yi wa Musa gunaguni, shi kuwa ya yi kuka ga Ubangiji. Ubangiji ya nuna masa wani itace, ya jefa a ruwan, ruwan ya yi daɗi. Musa bai ɗauki wanda ya fi kusa da hannunsa ba, ya jira aka nuna masa, ga jama'a a kansa suna ƙishi.

Ya Ubangiji, ka san abin da na sha a kogunan da na ratso. Ka hana ni gaggawar sabulu. Ka dirje inda ya ruɓe, ka canja mini ruwa yau kamar yadda ka yi jiya, kada mutanen gidana su sha ɗacina. Amin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, karatunmu na safiyar nan Fitowa 15, aya 22 zuwa 27. Idan akwai wanda ka kwana da shi a zuciya a cikin gidan nan, yi masa magana kafin ka sa takalmi.