Shafa wa Gemunka Ruwa

Ɗana, matso kusa mu yi magana a kan abin da yawancinmu ba ma son ji sai bayan ya faru.

A watan Maris na 2016 wuta ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kafin a shawo kanta dubban shaguna sun zama toka. A Fabrairun 2023 babbar kasuwar Maiduguri, Monday Market, ta ƙone. A Satumbar 2024 kuma dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Kowane lokaci manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a buɗe asusun tallafi. Allah ya saka wa masu bayarwa, amma tallafi ba kasafai yake mayar da jari ba. Na ga mutumin da bara yake fitar da zakka, bana yana layin karɓa, idonsa a ƙasa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Inshora na daga cikin wannan ruwa.

Asalinta ba baƙo ba ne a wurinmu. Mutane da yawa su zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, wanda masifa ta afka wa a ɗaga shi daga ciki. Ruhin gayya ke nan, da gudummawar da dangi ke haɗawa in rufin wani ya rufta. Bambancin kawai shi ne, nan an rubuta abin da za ka zuba da abin da za a biya ka, ba sai ka bi gida-gida kana faɗin halin da kake ciki ba.

Na san za ka ce ai komai na Allah ne. Gaskiya ne, kuma shi ya sa aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Sai dai damuwar malamai ba ta banza ba ce. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana da garari mai yawa, ta kuma halatta wadda aka gina a kan taimakon juna. Wannan ita ce takaful. A Sudan aka kafa kamfaninta na farko a 1979, a Najeriya kuma hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A tsarinta kuɗin da ka zuba gudummawa ce, ba a juya shi a harkar riba, kuma in an samu rara akan raba wa masu zubi. Saboda haka ƙofar uzuri ta ragu ƙwarai.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Na farko, takardar jabu. Mai mota ya miƙa wa ɗan kamasho 'yan kuɗi a bakin ofishin lasisi, a ba shi takardar da amfaninta kawai ta wuce da shi shingen 'yan sanda. Tun Janairun 2023 kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota ta gida naira 15,000 ne a shekara, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. In ka daki motar mutum da takardar jabu a aljihunka, gonarka ce za ta biya. Ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID ta waya kafin ka bar wurin.

Na biyu, sa hannu ba tare da karatu ba. Inshorar gobara ba lallai ta haɗa da ambaliya ko sata ba, sai an rubuta. In Turancin ya yi maka nauyi, ka nemi wanda ka yarda da shi ya warware maka layi-layi. Tambaya ba ta rage mutunci.

Na uku, rage ƙimar kaya don a biya kaɗan. In hajarka ta miliyan 10 ce ka rubuta miliyan 5, sai wuta ta ci ta miliyan 4, miliyan 2 kawai za a ba ka, domin rabin kayan ka yi wa inshora. Da yadda farashi ke hawa, ka sabunta ƙimar duk shekara.

Na huɗu, jan ƙafa wajen biya. Akwai kamfanonin da ke saurin karɓa, su yi nawar bayarwa, kuma wannan ne ya sa mutanenmu suka ɗebe tsammani. Maganinsa shaida: rasit, littafin shiga da fitar kaya, hotuna, da sanar da su nan take. Kada ka ajiye littafin a shagon da kake tsoron ya ƙone. In an hana ka haƙƙinka, ka kai ƙara NAICOM. Kai ma kuma ka ji tsoron Allah, kada ka ƙara ko yadi ɗaya a kan abin da ka rasa, domin kuɗin 'yan'uwanka ne a asusun.

Kada ka manta da lafiyar iyali. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a Najeriya, kuma jihohi irin su Kano suna da hukumarsu. Tiyata ɗaya kan cinye tumakin da uwargida ta shekara biyar tana kiwo.

Ɗana, gobe in ka buɗe shago, kafin cinikin farko, ka ƙirga kayanka ka rubuta, sannan ka je ka yi tambaya. Allah ya tsare ka da dukiyarka, ya sa kullum hannunka ne a sama.